Argungu da Birnin Kebbi: Garuruwa Biyu a Bakin Fadama Ɗaya

Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suna haɗuwa ne kusa da birnin Sakkwato, daga nan ruwan ya karkata kudu maso yamma, ya ratsa Argungu, ya bi ta gindin tudun Birnin Kebbi, ya karɓi Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, sannan ya faɗa kogin Kwara. Wannan sashe na ƙasa shi ne tun dā ake kira Gulbin Kabi. Kwarin da yake bi shimfiɗaɗɗe ne, faɗinsa ya kai kilomita da dama a wurare da yawa, shi ya sa idan damina ta yi nisa, wajen watan Agusta zuwa Satumba, ruwa kan fita daga hanyarsa ya malale fadamar baki ɗaya, har mai tsaye a wannan gaɓa ba ya iya rarrabe inda gulbi ya ƙare da inda gona ta fara. Da kaka ta shigo sai ruwan ya fara janyewa, ya bar tafkuna da gurabe masu zurfi cike da kifi, ya kuma bar laka mai albarka a inda ya kwanta. Zuwan ruwan nan da komawarsa su ne suka tsara sana'a da sarauta da yaƙi da biki a wannan yanki tun fiye da shekara ɗari biyar.

Tsakanin garuruwan biyu tafiyar kimanin kilomita 50 ce. Argungu tana kan hanyar Sakkwato, da tazarar kusan kilomita 100 daga can. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Argungu mutum kusan 195,000, ta Birnin Kebbi kuma kimanin 268,000, ko da yake duk wanda ya san garuruwan a yau ya san sun zarce haka nesa. Birnin Kebbi ce hedikwatar jiha kuma mazaunin Sarkin Gwandu. Argungu kuwa mazaunin Sarkin Kabi ce. Baƙo kan yi mamakin wannan: birnin da ke ɗauke da sunan Kabi yana hannun gidan Abdullahi ɗan Fodiyo, sarautar Kabi kuma tana wani gari dabam. Amsar tana cikin tarihi.

Daga Kanta zuwa Tomo

Daular Kabi ta tashi ne a farkon ƙarni na 16 a hannun Muhammadu Kanta. Littafin Tarikh al-Sudan na Timbuktu ya ba da labarin yadda Kanta ya raka Askiya Muhammad na Songhai yaƙin Agadas, aka samu saɓani a kan rabon ganima, sai ya yi tawaye wajen shekarar 1516. Songhai ta turo runduna ba sau ɗaya ba, amma ba ta iya mayar da shi ƙarƙashinta ba. Wani ɓangare na ƙarfinsa ya zo ne daga ƙasar da ya zauna a cikinta: dawakin maharan da suka saba da fili ba su da ta yi a cikin laka da ruwa, alhali Kabawa sun san kowace mashiga da kowane tsibiri, kuma suna da jirage. Kanta ya gina Surame ta zama babban birninsa, tare da Gungu da Leka. Ganuwar Surame ta dutse ce, abin da ba a saba gani ba a ƙasar Hausa inda ake gina badala da ƙasa, kuma kufanta yana nan a cikin Jihar Sakkwato ta yanzu. Nijeriya ta sa shi cikin jerin wuraren da take nema wa rajistar UNESCO tun 2007. Kanta ya kara da Borno ma, kuma a kan hanyarsa ta dawowa daga wannan yaƙi ne aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ya rasu sakamakon raunin.

Bayansa daular ta yi ta raguwa sannu a hankali, yayin da Gobir da Zamfara da Azbinawa suka riƙa matsa mata daga arewa da gabas. Wajen shekarar 1700 aka bar Surame, Sarkin Kabi Tomo ya koma kudu ya kafa sabon birni a kan tudu mai kallon fadama. Shi ne Birnin Kabi, wanda yanzu ake rubutawa Birnin Kebbi. Ya yi kusan shekara ɗari yana babban birnin daular, kuma kasuwa ce a kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja saro goro.

Jihadi da shekarun gaba

A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, Sarki Muhammadu Hodi ya fice. A cikin wannan shekara aka gwabza yaƙin Alwasa, ba nisa da Argungu, inda masu jihadi suka yi asara mai yawa kafin su tsaya daram a Gwandu. Daga baya Gwandu ta zama cibiyar yammacin daular Usmaniyya a hannun Abdullahi da zuriyarsa. Amma Kabawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. Hodi ya ci gaba da faɗa har aka kashe shi a 1826, ɗan'uwansa Sama'ila Karari ya ɗauka daga Argungu, shi ma aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru yana tsare a Sakkwato. A 1849 ya koma ya tayar da tutar Kabi a Argungu, ya ɗaura ƙawance da Arawa da Dendawa da Zabarmawa, kuma daga wannan lokaci har zuwan Turawa Argungu ba ta sake zama ƙarƙashin Sakkwato ko Gwandu ba.

Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta wannan kwari a 1853, yana tsakiyar wannan tashin hankali. A Gwandu ya samu kwafin Tarikh al-Sudan ya zauna ya kwafi sassa daga ciki, sannan ya wuce ta Birnin Kabi, ya tarar da ragowar babban birni da mutane ƙalilan a cikinsa.

An samu sauƙin al'amari a zamanin Sarki Abdullahi Toga, lokacin da aka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga, wanda ya riƙe kusan shekara takwas daga 1867. Da ya wargaje sai yaƙi ya dawo, ya kuma yi tsanani a zamanin Sama'ila ɗan Yakubu Nabame, wanda aka fi sani da Sama, da ya hau a 1883 ya yi mulki har 1915. Ana danganta masa ƙona garuruwa casa'in na abokan gaba, kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kawo wa Argungu hari bai ci nasara ba. Sa'ad da Turawan Ingila suka iso a 1902, Sama ya karɓe su ba tare da yaƙi ba, suka tabbatar masa da sarautarsa. Sai dai iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta yanke masa abokan ƙawance da ƙasa mai yawa, sassan Arewa da Dendi da Zabarma suka faɗa cikin ƙasar da ta zama Jamhuriyar Nijar. Har yanzu zumunci da auratayya da cinikayya tsakanin Argungu da Dogondutsi da Dosso da Gaya ba su yanke ba.

Birnin Kebbi kuwa Turawa suka farfaɗo da ita. Sun mayar da ita cibiyar mulkinsu a yankin, kuma bayan rikicin Satiru na 1906 aka naɗa Haliru Sarkin Gwandu, fadar masarautar ta zauna a nan. Sunayen sarakunan wannan gida suna kan manyan gine-ginen garin, kamar asibitin Sir Yahaya da filin wasa na Haliru Abdu. A ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, da masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, aka ba Birnin Kebbi hedikwata.

Rayuwa a bakin gulbi

Bakabe na bakin gulbi yawanci manomi ne kuma masunci, lokaci ne ke nuna masa wadda zai riƙa. Da damina akwai gero da dawa da wake a gonar tudu, da shinkafa a fadama. Idan ruwa ya janye sai su, da taru da birgi da mamari da homa, kowanne da irin ruwan da ya dace da shi. Kifin gulbin iri-iri ne: tarwaɗa, ramboshi, ƙarfasa, balli, yauni, kurungu, ragon ruwa, tsage, gaiwa mai iya kwanciya cikin busasshiyar laka har ruwa ya dawo, da kuma giwan ruwa wadda ita ce sarauniyarsu. Abin da ba a sayar ɗanye ba sai a yi bandarsa, aikin da mata ke da babban hannu a ciki, a cika kwanduna a tura kasuwannin nesa har kudancin ƙasar. Akwai kuma Sarkawa, waɗanda su ne gadonsu tun kaka da kakanni, suna bin ruwa duk inda ya nufa, daga Kwara har Tafkin Chadi.

Ruwa yana da shugabanni kamar yadda gari yake da su. Sarkin Ruwa shi ne mai kula da lafiyar gulbi, shi ke cewa an buɗe ko an rufe. Mai sarautar Homa kuma shi ne shugaban masunta. Kafin Musulunci ya game ko'ina akwai al'adu da ake yi a kan ruwa da gari, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa da gyaran gari da shan kabewa. Fashin ruwa shi ne ranar da ake buɗe gurbin da aka hana shiga, jama'a su faɗa gaba ɗaya. Yawancin abin da ke cikin waɗannan al'adu na tsafi ya kau, amma ƙa'idar da ke ƙarƙashinsu ta tsaya, wato a bar wani sashe na ruwa ya huta har kifi ya hayayyafa ya girma. Masana kiwon kifi na zamani ba su zo da abin da ya fi wannan hikima ba.

A shekarun baya-bayan nan shinkafa ta sha gaban kifi wajen kawo kuɗi. Ƙananan injinan ban-ruwa da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi sun mayar da fadama gonar rani, har manomi na iya girbi sau biyu a shekara. A Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Jihar Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Bankin Nijeriya mai suna Anchor Borrowers. A ƙarshen 2016 aka fito da shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi, a Agustan 2017 kuma Farfesa Yemi Osinbajo ya buɗe masana'antar sarrafa shinkafa ta WACOT a Argungu, mai ƙarfin tan 120,000 a shekara. Birnin Kebbi tana da tata, ta Labana. Ribar ta zo da haɗarinta. Ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a kwarin ana dab da girbi, kuma tsadar man fetur kan sa manomin rani ya yi lissafi sau biyu kafin ya tayar da inji.

Sa'a ɗaya a Matan Fada

Abin da ya kai sunan Argungu duniya shi ne bikin kamun kifi. Asalinsa a siffar da aka sani yanzu yana komawa 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu. Fiye da shekara ɗari ana gaba tsakanin gidajen biyu, don haka zuwan nasa babban al'amari ne. Kabawa suka ga babu karramawar da ta fi su nuna masa abin da suka fi kowa iyawa, sai aka shirya masa gagarumin su. Bikin ya ɗore, ya zama na shekara-shekara. A 1970 Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta, daga nan gwamnati ta shigo da ƙarfinta, aka gina rumfunan 'yan kallo da masaukin baƙi na Grand Fishing Hotel. A 2016 UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na bil'adama.

Ana yin sa ne cikin Fabrairu ko Maris, bayan an gama girbi kuma ruwa ya sauka daidai yadda mutum zai iya shiga. Kwana huɗu ake yi. Akwai baje kolin amfanin gona, da dambe da kokawa, da kaɗe-kaɗe da raye-raye, da hawan daba. Akwai kuma wasannin ruwa da ake kira Kabanci, waɗanda masu sanin abin suka fi so a kan komai: tseren kwale-kwale, gasar nutso don a ga wanda zai fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa, ninƙaya, kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu ba tare da koma ba. A nan ne ake gane yaron da ya tashi a bakin gulbi.

Ranar ƙarshe ita ce ta babban su a Matan Fada, sashen gulbin da aka hana kowa jefa koma a ciki tsawon shekara. Tun da safe dubban masunta suke jeruwa nesa da gaɓa, kowa da homarsa biyu da babban gora. Goran nan yana aiki biyu: a kansa masunci yake kifa ciki ya yi iyo, a cikinsa kuma yake zuba abin da ya kama. Sarkin Ruwa ya riga ya gama nasa aikin, kuma mutanen gari sun yi imani da cewa shi ke sa kadoji su kauce har a tashi. Da an harba bindiga sai ƙura ta tashi, mutane su kwarara cikin ruwa da gudu, cikin ɗan lokaci ruwan ya ɓace, ba a ganin komai sai kawuna da goruna da bakin homa. Makaɗa suna zagayawa cikin jirage suna kiɗa suna kirari, hayaniyar kuma tana rikita kifi ya rasa mafaka. Kimanin sa'a ɗaya ake yi. Wanda ya ci karo da giwan ruwa dole ya yi kokawa da ita a cikin laka, ya zura mata igiya, 'yan'uwa su taya shi ja zuwa ma'auni a gaban manyan baƙi. A 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75, sai da mutum huɗu suka ɗaga shi. Na 2020 ya kai kilo 78, mai shi ya samu miliyoyin naira da motoci da kujerun Makka. Girman kyauta ya taɓa jawo maguɗi, domin a 2008 an ƙwace nasarar wanda aka fara bayyanawa bayan bincike ya nuna an shigo da kifin ne daga wani ruwa.

Abin da baƙo zai gani a sauran kwanaki

Gidan Tarihi na Kanta shi ne wuri na farko. Tsohuwar fadar sarakunan Argungu ce, aka zauna a cikinta har 1942 da aka koma sabuwa a zamanin Sarki Muhammadu Sani, sannan aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi ranar 1 ga Yuli 1958. A ciki akwai masu da takubba da kwari da baka da sulke da bindigogin gargajiya, da tambura, da layu da kayan tsari na mayaƙa, da kayan su da na noma. A nan ne kuma makabartar sarakuna take, don haka ana shiga da ladabi. Ginin kansa, da kaurin bangonsa da bakan gizon soronsa, darasi ne a kan aikin maginan Hausa. Sarki na yanzu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ya hau a 1996 bayan mahaifinsa Muhammadu Mera wanda ya yi sarauta tun 1959.

A Birnin Kebbi akwai Fadar Abdullahi Fodiyo, da gefen tudun Dukku inda ake hangen fadama shimfiɗe har iya ganin ido, kore shar da shinkafar rani alhali tudu ya bushe ƙurmus. Mai sha'awar tarihin jihadi zai iya ƙarasawa Gwandu ya ziyarci hubbaren Malam Abdullahi. Garin yana da filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, kuma yawancin masaukai masu kyau a nan suke. Saboda haka a lokacin biki baƙi da yawa a Birnin Kebbi suke kwana, su yi sammako zuwa Argungu, su dawo da yamma. Kuɗin kwana da na abinci ya zauna a hedikwata, garin da ya yi bikin ya tashi da cinikin yini.

Inda gizo ke saƙa

Raunin yawon buɗe ido a Argungu shi ne an ɗora shi kacokan a kan kwana huɗu, kwana huɗun ma ba su da tabbas. A 2006 an fasa babban su saboda ƙarancin ruwa. Daga baya kuma bikin ya yi kusan shekara goma ba a yi ba, saboda matsalar tsaro a Arewa da ta kuɗi da ta ruwa, sai a Maris 2020 aka dawo da shi, kwanaki kaɗan kafin annobar korona ta rufe ƙasa. Mai masauki ko mai sayar da abinci ba zai zuba jari a kan taron da bai san ko za a yi baɗi ba, kuma gine-ginen da aka yi domin biki sukan lalace idan aka bar su a rufe shekara da shekaru.

Matsalar ruwa ta fi zurfi. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, da ta Goronyo ta 1984 a kan Rima, sun canza yadda ruwa ke zuwa kwarin. Malalen da kifi ke bi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai ya ragu a shekarun da aka riƙe ruwa, a shekarun da aka sake shi gaba ɗaya kuma sai ya zo da ɓarna. Yashi yana cike gurabe, dubban injinan noman rani suna zuƙar abin da ya saura, ga koma mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi. Ikon Sarkin Ruwa ya tsaya a Matan Fada da kewayenta, alhali shawarar yawan ruwan da zai iso can ana yanke ta ne a ofisoshin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, nesa da Argungu.

Abin da garin ke da shi ya isa ya riƙe baƙo a kowane wata na rani: gidan tarihi, yawo cikin kwale-kwale a fadama, tsuntsayen da ke sauka a tafkuna lokacin hunturu, kasuwar kifi, da hanyar tarihi da za ta haɗa Surame da Alwasa da Gwandu da Birnin Kebbi. Ba a tsara ko ɗaya daga cikinsu yadda baƙo zai zo ya biya ya gani cikin sauƙi ba. Aikin da ke gaban gwamnatin jiha da masarautun biyu shi ne su tsayar wa bikin lokaci da ba ya motsi, su daidaita da masu kula da madatsun ruwa a kan sakin ruwa, a yashe Matan Fada a kai a kai, a kuma horar da matasan gari su zama masu yi wa baƙi jagora.